Dodon Ƙofar Ruwa

Jama'a, kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan, ku bari in faɗi laifina da bakina. Ni Zuliha, ni na mayar da wan mahaifina dodo. Shekarar 1987 ce, a Bunkure, ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyar da 'yan aji uku a firamare. Ku masu waya a hannu ba za ku gane ba, mu a lokacin saƙon saurayi a takarda yake zuwa, an ninke ta huɗu, tana warin man babur.

Saurayin shi ne Musbahu, malamin gona ne a wajen aikin noman rani. Dogo, siriri, mai tabarau, kullum cikin safari ruwan toka da biro biyu a aljihu. An taɓa tura shi kwas ƙasar Turawa shekara ɗaya, ya dawo da takardar shaida da wata ƙaramar jakar fata. Wata takwas yana zuwa zance soron gidanmu, bai ce uffan a kan turo magabata ba.

"Ke, wai shi wannan malamin gadin soro aka ɗauke shi?" in ji Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe. "Tabarma biyu ya cinye mana da zama."

"Inna, yana shiri ne."

"Shirin me? Hajji?"

Ranar da ya fara zuwa da jakar, Juma'a ce bayan la'asar. Na sha atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na kafa ɗauri, na zizara kwalli, na shafa hoda har wuya. Kubra 'yar Baffana, sa'ata kuma aminiyata, ita ke raka ni zance. Da muka ga jakar, ta mintsine ni. Ni ma a raina na ce to, yau dai ko agogo ko sarƙa.

Ya zazzage ta a kan tabarma. Fensir, takardu masu gida-gida, da wasu 'ya'yan lido. Ɗaya a ciki ja ne, fuskarsa ashirin, kowace da lamba.

"Malam, caca ka koyo?" in ji Kubra.

"A'uzubillahi! Wasa ne. Can inda na yi kwas duk Asabar shi 'yan ɗakinmu suke yi. Mutum ɗaya ne mai ba da labari. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne a jefa wannan. Lamba babba ka yi nasara, ƙarama ka sha ƙasa."

"Wato tatsuniya ce da ake sa wa baki," na ce.

"Yauwa, kin gane! Ke za ki zama gimbiya."

"Allah ya sawwaƙe. Ɓarauniya nake so."

Kubra ta ɗauki maharbiya. Kuma wallahi kada in yi muku ƙarya, wasan ya yi daɗi. Mun haura katanga, mun ƙetare kogi, na sace rawanin wani attajiri yana tsaka da sallamar baƙi. Matsala ɗaya ce: abokin gaba. Duk mako dodo. Tsawon giginya, kulki kamar turmi, ba ya magana sai gurnani. Yau yana bakin gada, wani makon yana bakin kogo. Kubra ta harba, ni in soka ta baya, jifa uku ya faɗi rim. A mako na biyar na yi hamma har kwallina ya zubo.

"Malam, wai dodon nan naka ba shi da uwa ne? Ba ya gaisuwa, ba shi da gona, ba shi da surukai. Yana tsaye kawai yana jiran a zo a kashe shi."

Ya gyara tabarau. "Ai haka yake a ƙa'ida. Ƙarfi ne da shi, ba wayo."

"To wannan ba dodo ba ne, buhun albasa ne da kulki."

Abin ya sosa masa rai, na gani. Ya ɗauki jan ɗan lidon ya ajiye a tafin hannuna. "Juma'a mai zuwa ke za ki ba da labari. Mu ga naki."

Yanzu sai in gaya muku waye Baffa Hambali. Tun da mahaifina ya rasu shi ne uba a wurinmu, shi zai ba da aurena. Shi ne kuma shugaban manoman layinmu, a hannunsa ƙarfen murɗa ƙofar ruwa yake. Gonarsa tana farkon kanal, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, tamu ta tumatir tana can ƙarshe, gindin wata tsamiya. In ya buɗe mu sha, in bai buɗe ba mu kalli sama. Kuma duk abin da ka je nema wurin Baffa, daga ruwa har aron galma, hanya ɗaya ce. Zai yi gyaran murya, ya tura hula gaba, ya ɓantari goro, ya ce, "A dawo jibi."

A makon nan tumatirinmu ya fara zubar da fure. Ranar Laraba daga makaranta na wuce wurinsa da kaina, na durƙusa har ƙasa.

"Baffa, Inna ce ta ce a tuna maka, gona ta tsattsage."

Gyaran murya. Hula. Goro. "A dawo jibi."

Na taso ina hango albasarsa tana iyo a ruwa. Ina zuwa gida na ɗauko fensir.

Ranar Juma'a Musbahu ya zo da jaruminsa a rubuce: sadauki mai sulke da takobi. Na gyara zama na fara.

"Wani gari ne, gonakinsa suna mutuwa. Da kuka bi kanal zuwa sama, sai ga dodo zaune a kujera 'yar tsugunno, a bakin ƙofar ruwa. Ƙarfen murɗawa yana rataye a wuyansa. Hularsa ta kai kwandon tumatir, goronsa ya kai kabewa."

"Na zare takobi!" in ji Musbahu.

"Jefa."

Sha biyar.

"Takobin ya lanƙwashe. Fatarsa ta fi tayar tarakta tauri. Ko kallonka bai yi ba, sai ya ce, ɗan gidan wa ne kai?"

"Dodo yana tambayar asali?"

"Nawa yana yi. Ka amsa."

Ya amsa, ya roƙi ruwa. Na yi gyaran murya, na tura ɗankwalina gaba, na ɓantari goron ƙarya, na ce da murya ƙasa-ƙasa, "A dawo jibi."

Kubra ta kife a kan tabarma. Dariya take har tana shure-shure, hawaye shaɓe-shaɓe. Musbahu bai gane ba, don sau biyu kacal ya taɓa gaida Baffa, daga nesa.

"Kuma duk jibin da aka yi," na ƙara, "gona ɗaya za ta mutu a garin."

Mako uku Musbahu yana fama. Ya zo da mashi, ya karye. Ya haƙa rami, dodo ya cike shi da ɓawon goro. Da ya matsa, dodo ya zauna a kansa, sai da ya rubuta sabon jarumi. Ranar wata Talata Kubra ta kawo min takarda daga wurinsa. Na shige ɗaki na sa sakata.

"Zuliha, tunanin dodon nan ya hana ni aiki. Yana da rauni a gwiwa? Ki taimaka ki amsa. Naki, Musbahu."

Kun ji fa. Wata goma ina jiran wasiƙar soyayya. Na juya bayan takardar na rubuta, "Gwiwarsa ƙalau."

Ashe Kubra bakinta ba ya riƙe ruwa. A wani biki a Kura ta kwaikwaya wa 'yan mata, da gyaran muryar da komai. 'Yan mata suka kai wa yayyensu. Cikin kwana goma maganar ta bi kanal daga sama har ƙasa. Aka ce wata rana Baffa yana tsaye a bakin titi, wata motar tumatir ta zo wucewa za ta Kadawa, wani daga saman kwanduna ya ƙwalla, "Dodo, a dawo jibi!"

Ni ban san wannan ba tukuna. Abin da na sani shi ne takarda ta biyu, wadda ta zo ranar Laraba.

"Zuliha, na yi magana da mahaifina. Ranar Asabar da hantsi manya za su je wurin Baffa Hambali. Mace irinki ba a barinta a soro. Naki har abada, Musbahu."

Na karanta wa Inna. Ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse, ta hau buɗe kwanonin samira tana lissafa wanda za a wanke. Washegari Alhamis, ina dawowa daga makaranta, na tarar da Kubra a tsakar gida, fuska kamar an yi mata mutuwa.

"Baba ya ce ki zo bayan la'asar. Ya aika wa Malam Musbahu ma. Ya ce ya taho da kayan cacar."

Inna ta saki muciya. "Wace caca? Ke, me kika yi?"

Na faɗa mata a taƙaice. Ta ɗora hannu a ka.

"Kwana biyu! Saura kwana biyu, 'yar nan! Ki je ki durƙusa ki yi kuka. In hawayen bai zo ba ki shafa albasa."

Na sa doguwar riga baƙa da mayafi mafi girma a gidan, ban shafa ko mai ba. A soron Baffa na tarar da Musbahu ya riga ni, ya cire takalmi tun daga waje, ya takure a gefe da jakarsa a cinya. Baffa yana kan buzu, babbar riga fara, carbi a hannu. Kubra ta laɓe bakin ƙofar cikin gida.

Baffa ya yi gyaran murya. Musbahu ya ɗago a firgice. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya kalli hular, ya kalli goron, ya kalle ni, bakinsa ya buɗe.

"Malam Musbahu," in ji Baffa, "an ce caca ake yi a soron ƙanina marigayi."

"Ba caca ba ce, Baffa, wallahi ko kwabo ba a sawa. Labari ne kawai."

"To. A labarin an ce akwai dodo. An ce hularsa irin tawa ce. Kai ka tsara shi?"

Ku saurara da kyau, jama'a. Wannan mutumin mako uku yana zare takobi a kan tabarma. Baffa ko murya bai ɗaga ba. Sai ga yatsan Musbahu ya miƙe, ya nuno ni.

"Na rantse ban san kai ba ne, Baffa. Ni dodona ba ya ma magana. Wannan aikin Zuliha ne, ita kaɗai."

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma raina ya ɓaci. Kukan da Inna ta ce in yi, da yana hanya, ya koma.

"Haka ne?" Baffa ya tambaye ni.

"Haka ne, Baffa."

"To a shimfiɗa. Ina so in ga dodon nan da idona."

"Baffa, a yi haƙuri..." Musbahu ya fara.

"Kai ai ka gama naka bayanin. Zazzage."

Ya zazzage. Ya yi wa Baffa bayanin yadda ake yi, ya ce sai ya zaɓi jarumi, ko mai takobi ko mai baka.

"Ni manomi ne," in ji Baffa. "Rubuta manomi."

A raina na ce Zuliha, kina iya sassautawa. Ki ba shi dodo mai fara'a, ya buɗe ruwa, kowa ya tashi lafiya. Sai na tuna furen tumatirinmu a ƙasa, na kalli yatsan can da ya koma cikin aljihu. Na gyara mayafi.

"Ka iso ƙofar ruwa. Dodo yana zaune."

"Na yi masa sallama."

"Ya amsa ciki-ciki. Ya ce ɗan gidan wa ne kai?"

Gashin bakin Baffa ya motsa. "Ka ji mara mutunci. Ce masa ni babba ne a garin nan, gonata ta bushe, ya buɗe."

Na yi gyaran murya, irin tasa sak. Na tura mayafi gaba. Na ɓantari iska.

"A dawo jibi."

Daga bakin ƙofa aka ji wani sauti kamar an take wa akuya wuya, Kubra ce ta toshe baki. Musbahu ya sunkuyar da kai har tabarau na zamewa. Baffa ya zuba min ido, ni ma ban sauke nawa ba.

"Jibi tumatir ya mutu," ya ce a hankali. "To na ba shi goro. Fari, manya."

"Sai ka jefa, Baffa. Sha biyu zuwa sama ya karɓa."

Ya ɗauki jan ɗan lidon, ya jujjuya shi, ya yi bismillah, ya jefa. Huɗu. Ina kallo ya sa ɗan yatsa ya tura shi a hankali, ya koma sha takwas.

"Baffa, huɗu ne."

"Ke, gangarawa yake bai tsaya ba."

"Ya tsaya. Huɗu ne. Dodo ya cinye goron, bai buɗe ba."

"Ya ci goron mutane kuma bai buɗe ba?" Ya ajiye carbi, ya naɗe hannun riga. "To na kira masa liman."

Shida. Dodo ya ce wa liman shi ma ya dawo jibi. Baffa ya ce zai tara dattawan gari. Uku. Ya fara gumi, ya ture hular baya.

"Na fizge ƙarfen daga wuyansa na buɗe da kaina!"

Ya hura wa ɗan lidon iska, ya wurga. Ya gangara har gefen buzu. Ɗaya.

"Ya ɗauke ka da yatsa biyu ya ajiye gefe," na ce. "Jibi ta yi. Yau gonar ƙarshen kanal ce ta mutu, wadda take gindin tsamiya. Mai ita mace ce, mijinta ya rasu. Ta zo da safe da kwanduna takwas da ta ara, ta tarar furen duk a ƙasa. Ta tsaya ta kalla, ta ɗora kwandunan a ka, ta koma gida. Ba ta ce wa dodo komai ba, don wan mijinta ne."

Wannan na ƙarshen ba ya cikin takardata. Fitowa ya yi kawai.

Baffa ya daɗe yana kallon ɗan lidon.

"Dodon nan ba shi da kunya," ya ce.

"Ba shi da ita, Baffa."

Ya ɗauki ɗan lidon ya jefa a aljihun babbar riga. "Ku tashi ku ba ni wuri."

A waje Musbahu ya biyo ni yana tura babur. "Zuliha, tsaya ki ji..." Ban tsaya ba. A gida Inna ta ji yadda aka yi, ta mayar da samirunta ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi min magana ba har washegari.

Juma'a da sassafe wata maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko sallama babu. "Ku fito, ruwa a gonarku!" Muka tafi da Inna, zani a hannu. Ruwa kuwa, jajir da laka, yana bin kunya-kunya har gindin tsamiya. Inna ta tsuguna ta sa hannu a ciki ta yi ta hamdala. Da ta miƙe ta harare ni.

"Kada ki ɗauka na huce."

Da la'asar Musbahu ya zo, na ce Kubra ta ce masa kaina na ciwo. Ya ba da takarda. Na sa ta ƙarƙashin filo ban buɗe ba.

Asabar da hantsi muka ji tsayuwar mota a ƙofar gidan Baffa. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Can sai ga sallamar Baffa da kansa a tsakar gidanmu, abin da rabonsa da yi tun kwanakin takaba. Inna ta shimfiɗa masa tabarma. Ya ce a kira ni. Na durƙusa.

"Ruwan da ake sako mana daga sama ba ya isar kowa," ya ce, yana kallon Inna. "Wannan gaskiya ne. Na fi shayar da tawa, wannan ma gaskiya ne. A yafe min."

Inna ta fashe da kuka. Ya juyo kaina.

"Ke kuma mara kunya. Mutanen suna sorona, ga goro ga alewa sun ajiye. Gidan mutunci ne, na bincika. Amma yaron nan ina yin tari ya nuna ki da yatsa, a gabana. Ba zan karɓi goron kowa ba sai na ji daga bakinki. Me zan ce musu?"

"Ka karɓa, Yaya!" in ji Inna. "Me za ta ce? Karɓa kawai!"

"Ba ke na tambaya ba."

Jama'a, ina son Musbahu. Ina son yadda yake gyara tabarau in an kayar da shi, ina son yadda bai taɓa cewa mace ba ta iya ba da labari ba. Amma yatsan nan yana tsaye a idona.

"Ka karɓi goron, Baffa," na ce. "Amma kada ka sa rana."

Inna ta yi salati. Baffa ya karkata kai. "Ranar a hannunki take kenan?"

"A hannuna."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To ki je ki faɗa masa da bakinki. Yana can gindin darbejiyar bayan masallaci tun safe. Ban taɓa ganin saurayin da ya biyo magabatansa ba sai shi. An ba shi benci ya ƙi zama."

Na shiga ɗaki na zura mayafi, Inna tana bina da "Ke! Ke! A ranar nan za ki fita?" Na fita.

Yana tsaye, safarin ta yamutse, idanu jajir, babu biro ko ɗaya a aljihu. Da ya hango ni ya taho da sauri, ya buɗe baki.

Na ɗaga masa hannu.

"Tsaya, Malam. Ni zan fara."